Sunan Da Marka Ba Ta Faɗa Ba

A shekara ta goma sha tara ta sarautar Sarki Jimrau ɗan Warau, mai Birnin Zangarma, aka yi wata damina da tsofaffin ƙasar suka daɗe suna kafa tarihi da ita. Ruwa ya yi ta zuba siriri-siriri, ba iska ba tsawa, har ganuwar birni ta yi kore shar da gansakuka, mutane suna tafiya a hanya kamar ba su gama farkawa daga barci ba. A wannan daminar ce ta'asar 'Yan Shuni ta kai maƙura.

'Yan Shuni ɓarayi ne, amma ba irin masu haura katanga ba. Da rana tsaka suke aikinsu. Ayari zai taso daga arewa da gishiri da dabino da alharini, ya iso mashigin Kogin Gwalli, sai madugu ya ga akalar raƙumin gaba ta miƙe ita kaɗai a iska, raƙumin ya bi ta, na baya su bi shi, duk su shige kurmi. Ba a ganin kowa, sai warin baba irin na marina da ke saura a wurin. Wanda ya yi gardama sai ya ji wuƙa a haƙarƙari, bai ga mai ita ba. A kasuwar birni kuwa kowace rumfa ta san ranar da ake ajiye musu kasonsu a bakin ƙofa, ta kuma san abin da ke samun wadda ta manta.

Ba zan ja wa mai karatu rai ba. Shugabansu yana cikin fada, yana zaune kullum a hannun hagun Sarki da carbi a hannu. Shi ne Sarkin Marina Arzika, dattijo mai taushin murya, wanda in ya gaishe ka sai ka ji kamar ka ba shi ajiyar gidanka. Asirinsu kuwa yana can ƙarshen karofi, wato filin rijiyoyin rini, a cikin wata tsohuwar rijiya da ake kira Uwar Baba. Akwai aljana a cikinta. Duk tufar da aka tsoma a ruwanta, wanda ya lulluɓa da ita ya ɓace wa idon mutane. Su 'Yan Shuni suna ganin junansu, domin ranar da mutum ya yi rantsuwar shiga ana wanke masa ido da ruwan rijiyar. Sai dai aljanar tana da wata ƙa'ida. Duk wanda aka jefa sunansa cikin rijiyar, idonsa ya rufe ga wannan shuni har abada, ko wane irin magani yake da shi. Kuma murya ɗaya tak take saurara a kowane zamani.

Da mai muryar ya rasu, wato yayan Arzika, kowa ya ɗauka gadon zai faɗa kan ƙanen. Arzika ya kwana bakwai yana kira a bakin rijiya, ruwa ko motsi. Sai ga Marka, 'yar marigayin, ta zo ɗaukar ƙwaryar mahaifinta tana kuka ƙasa-ƙasa, nan take ruwan ya taso da kumfa. Rini aikin maza ne, amma aljana ba ta shawarci kowa ba. Tun daga ranar Arzika yake riƙe da ƙungiya, Marka tana riƙe da rijiya, yana kiranta 'yata a gaban mutane, ciki kuwa na ciki.

Ba zan wanke Marka tas ba. Ba ta taɓa zuwa mashigi ba, amma ta san inda tufafin da take rinawa suke zuwa. A ciki ta tashi, ba ta san wata rayuwa ba, sai da Barde Tunau ya kawo rawaninsa rini. Barde jarumin Sarki ne, dogo, mai ƙarancin magana. Ta rina masa a rijiyar kowa da kowa, ta ɗaure masa ɗan zane a gefe mai kama da sawun kurciya, wanda hannunta ya saba yi a kan duk abin da ta taɓa. Bayan kwana uku ya dawo wai rawani ya koɗe. Rawanin nan sai da ya koɗe sau bakwai a wata guda, alhali har ƙyalli yake yi. A zuwa na bakwai ya ce mata, "Idan ruwa ya ɗauke, zan turo manyana wajen baffanki." Ita dai ta ci gaba da juya muciya a rijiya. Amma daga wannan rana sunansa bai ƙara fita daga bakinta ba. In za ta ambace shi sai ta ce mai rawanin nan.

Ran wata Laraba da hantsi, ana zaune a fada, sai aka yi wa manzon Sarkin Bargumi iso. Bargumi ita ce ƙasar arewa da ayarin gishiri ke fitowa daga cikinta. Manzon ya faɗi ya yi gaisuwa, ya kwance wani ƙunshi, ya ajiye kantun gishiri ɗaya da kibiya ɗaya a gaban Sarki.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ubangidana yana gaishe ka gaisuwar ɗan'uwa. Ya ce ayarinsa huɗu sun shiga ƙasarka bana, ba wanda ya ga kasuwa. Ya ce na biyar yana tafe, zai iso mashigi ranar Lahadi. Idan gishirin ya shiga birninka lafiya, ka riƙe kantun nan, ka karya kibiyar. Idan bai shiga ba, ka riƙe kibiyar, domin zai kawo maka 'yan'uwanta dubu goma kafin a girbe gero."

Madawaki Gumau, babban kwamandan dawakai, shi ya fara magana. Mutum ne mai ƙarfin hali, amma kansa kamar dutsen niƙa. Ya ce, "Zaki, a ba ni izini in sa wa kurmin Gwalli wuta daga farkonsa har ƙarshensa. Ko aljanu ne a ciki za su fito."

Sarki ya dube shi, ya dubi ruwan da ke zuba daga indararo, ya ce, "Madawaki, da wace wutar za ka ƙona kurmi a tsakiyar damina?"

Sai Arzika ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, ni talaka ne mai baƙin hannu, ban san yaƙi ba. Amma ina ganin abin da ido bai gani ba, takobi ba ya sare shi. A aika wa Sarkin Bargumi da kyauta, a ba shi haƙuri, a ce ya dakatar da ayari har rani."

A bayan labule akwai Magajiya Hakama, gwaggon Sarki, tsohuwar da ta ga sarakuna uku, ita kaɗai ce macen da ake jin muryarta a majalisa. Ta ce, "Jimrau, kakanka ya bar mini wani tandun tozali. Ya ce wanda ya sa shi zai ga abin da aka ɓoye. Shekara hamsin ina riƙe da shi, ya bushe ya ragu, abin da ya saura ba zai wuce idon mutum goma sha biyu ba. Daga shi babu wani. Ka zaɓi mutanenka."

Sarki ya yi murna, ya zaɓi jarumai goma sha biyu, Madawaki a gaba, Barde Tunau a ƙarshe. Al'adar Zangarma ce duk wanda Sarki zai aika wurin mutuwa, sai Sarkin Fada ya kira sunansa da na ubansa a gaban majalisa, don maroƙa su riƙe. Haka aka yi. Sarkin Fada yana kira, Arzika yana jan carbi, kowane suna ƙwaya ɗaya.

Da la'asar ya isa karofi ya kira Marka. Ya ce, "'Yata, fada ta samo ido. Ga sunaye goma sha biyu, ki jefa su a rijiya kafin Lahadi." Ya lissafa mata su. Da ya zo na ƙarshe bai lura da yadda hannunta ya tsaya a kan muciya ba, domin Arzika bai taɓa kallon fuskarta ba, muryarta kawai yake buƙata.

Ta ce, "Baffa, in aka taɓa ayarin nan yaƙi za a yi. Birni zai ƙone da mu a ciki."

Ya yi murmushi ya ce, "Yaƙi ma kasuwa ce, 'yata. Ke dai yi aikinki."

Ba namijin da ke matsawa kusa in tana magana da Uwar Baba, don haka ya koma gindin wata tsamiya ya tsaya. Marka ta durƙusa a bakin rijiya. Ruwan baƙi ƙirin, ɗigon sama yana faɗawa ciki yana yin zobe. Ta kira Madawaki da sunansa da na ubansa, ruwan ya yi kumfa ya haɗiye. Ta kira na biyu, ta kira na uku, har goma sha ɗaya. Da ta zo na ƙarshe ta buɗe baki, harshe ya ƙi. Ba wai ta shirya cin amanar kowa ba ne. Kunya ce kawai ta kama ta, irin wadda ke kama kowace mace in an ce ta faɗi sunan mijinta a fili. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Da mai rawanin nan." Ruwa bai motsa ba. Ta gani sarai, ta ja mayafinta ta tashi, ta ce wa baffanta an gama.

Ranar Lahadi da safe ruwan da ya zubo daga indararon fada shuɗi ne. Dogarai suka taru suna kallo. Madawaki ya ce alamar nasara ce, Magajiya kuwa ta tara hannu ta shinshina. Aka sa wa jarumai tozali, suka fita da dakaru ɗari uku, suka tarbi ayari a mashigin Gwalli daidai rana tsaka.

Wurin ya yi shiru irin na mafarki. Kogi ya cika yana tafiya a hankali, farin tururi yana tashi daga kansa, raƙuma suna shiga ruwa ɗaya bayan ɗaya. Madawaki ya zare idanu ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ce, "Ba kowa. Sun ji labarinmu sun gudu." Sauran goma suka ce haka ne.

Barde Tunau kuwa yana gani sarai. Ga mutane nan kusan arba'in suna fitowa daga cikin kurmi, a lulluɓe da shuni tun daga ka har ƙafa, suna tafiya ba sauri, kamar masu zuwa ɗaukar kayansu. Ɗaya ya wuce ta gaban dokin Madawaki har yana shafa wuyan dokin. Wani ya kama akalar raƙumin gaba.

Tunau ya ce, "Madawaki, ga su a gabanka."

Madawaki ya ce, "Ina?"

Tunau bai tsaya bayani ba. Ya zaburi doki ya sari mai riƙe da akala, jini ya tsartu a iska inda dakaru ba su ga kowa ba. Nan fa wuri ya rikice. 'Yan Shuni ba su taɓa haɗuwa da idon da ke kallonsu ba, suka yi cirko-cirko, sannan suka yo kansa. Dakaru suna sara a iska suna saran juna. Tunau ya ga in aka ci gaba haka za a gama da su, sai dabara ta zo masa. A cikin kayan ayarin akwai buhunan garin gishiri. Ya ce da ƙarfi, "Ku farke buhuna, ku watsa gishiri ta inda na nuna." Suka farke, suka yi ta watsawa da hannu da garkuwa. Gishiri ya manne a jiƙaƙƙun tufafi, sai ga fararen siffofin mutane sun bayyana a cikin ruwan sama, ba fuska ba ido, suna gudu suna faɗuwa. Maharba suka samu abin harbi. Kafin ruwa ya wanke gishirin, 'Yan Shuni sun kwashi matattunsu sun koma kurmi, ayari ya haye lafiya.

A bakin ruwa Tunau ya tsinci wani yanki na mayafi da takobinsa ya yanko. Ya juya shi, sai ga sawun kurciya a gefe. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Ya kai hannu ya taɓa gefen rawaninsa, inda irin wannan zanen yake. Ya cusa ƙyallen a cikin riga bai nuna wa kowa ba.

Da azahar aka koma fada. Sarki ya karya kibiyar Bargumi a gaban manzo, maroƙa suka ɗauki kirarin Barde. Madawaki kuwa abin ya tsaya masa a wuya. Da aka natsa sai ya miƙe ya ce, "Toron giwa, ina da tambaya. Mu goma sha biyu aka sa wa tozali daga tandu ɗaya. Goma sha ɗaya ba mu ga komai ba. Ta yaya Barde ya gani shi kaɗai? Ɓarawo ne kawai ke ganin ɓarawo a wannan sha'ani. Ni na ce nasu ne, rabo ya haɗa su faɗa."

Sarki ya juya ya ce, "Barde, me ka ce?"

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, na gani, amma ban san dalili ba." Gaskiya ya faɗa. Ya san hannun da ya yi rinin, bai san me ya bar masa ido ba.

Sai aka ji dariya a bayan labule, 'yar siririya, ta tsofaffi. Magajiya ta ce, "Tozalina bai yi ƙarya ba. Tun ina yarinya na ji ana raɗe-raɗin wata rijiya a karofi mai haɗiye sunaye. Na ɗauka zancen mata ne, sai yau da na shinshina ruwan indararo. An rufe idon mutum goma sha ɗaya da sunayensu. Na goma sha biyu ba a kira shi ba. Ku maza kun cika fada da rawuna, amma ba wanda ya tambayi kansa, wane ne ba ya iya faɗin sunan mutum ko da wuƙa a wuya? Mai rijiyar nan mace ce, Jimrau. Kuma a ranta ta riga ta zama matar Barde."

Tunau ya ji kamar ƙasa ta juya da shi. Wata biyu yana jiran amsa daga yarinyar da ba ta ce masa e ba, ba ta ce a'a ba, sai ga amsar ta zo masa a gaban majalisa, daga bakin tsohuwa, tare da hukuncin kisa. Ya ɗaga kai ya dubi hannun hagun Sarki. Buzun Arzika yana nan, carbinsa yana kai, shi kuwa babu shi.

Sarki ya ce, "Barde, ka san ta?"

Ya ce, "Na san ta, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "Ka cece ni daga yaƙi yau, don haka ba zan tambaye ka abin da ya wuce ba. Ka kawo mini ita kafin rana ta faɗi. Jinin fatake yana kanta. Madawaki zai bi bayanka da dogarai."

Tunau bai jira kowa ba. Ya hau doki ya bi ta ƙofar yamma, ya isa karofi tun dogarai suna neman takalmansu. Ga wanda ba ya gani, fili ne fayau, rijiyoyi a rufe da murafunsu na kaba, ruwa yana ɗiga. Shi kuwa ya ga mutum talatin a lulluɓe, sun yi layi biyu da wuƙaƙe suna jiransa. A can ƙarshe Marka tana durƙushe a bakin Uwar Baba, Arzika yana tsaye a kanta, shi ma a cikin shuni, ya karya dokar da ta hana maza matsowa.

Arzika yana cewa, "Kin kashe mana mutum tara da kunyarki ta banza. Faɗi sunansa yanzu, mu gama da shi ya tafi bai san abin da ya same shi ba. In kin faɗa, ke 'yata ce har yanzu. In kin ƙi, rijiyar da ta zaɓe ki ita za ta zama kabarinki."

Marka ta ɗago ta hangi mai rawanin nan a kan doki, shi kaɗai, ya zare takobi yana shirin shiga tsakanin mutum talatin. Ta san ba zai fita ba ko da idonsa, balle babu. Ta ce, "To, Baffa. Zan faɗi suna."

Ta sunkuya ta fara. Amma ba sunan da ake jira ta kira ba. Ta kira na mutumin farko a layi, da na ubansa. Ruwa ya yi kumfa ya haɗiye. Ta kira na biyu. Ai duk ta san su, a gabanta suka yi rantsuwa, wasu ma tare suka yi wasan ƙasa. Sunaye suka yi ta zuba daga bakinta kamar mai tsince wake. Mutumin farko ya waiwaya bai ga na kusa da shi ba. Ya dubi hannunsa bai ga hannu ba. Ya kai sara don tsoro, ya sami ɗan'uwansa. Kafin Arzika ya gane abin da ake ciki, layi biyun nan sun watse, kowa yana ihu yana laluben kansa, suna ta yage mayafai suna jefarwa don su ga jikinsu.

Arzika ya ɗaga wuƙa ya ce, "Ni ba za ki iya ba. Ni ubanki ne."

Gaskiyarsa, tun da aka haife ta ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba 'yar da ke yin haka. Ta dube shi, hawaye yana bin kumatunta, ta ce, "Ubana yana ƙasa." Sannan ta juya ga rijiya ta ce, "Arzika ɗan Cigari." Ruwa ya haɗiye. Dattijon ya tsaya da wuƙa a sama yana neman hannunsa, ya ja da baya, ya yi tuntuɓe da muciya ya faɗi. Da dogarai suka iso, sai suka tarar da mutum talatin kusan tsirara, hannuwa baƙi ƙirin, Sarkin Marina a tsakiyarsu yana fizge mayafi daga kansa. Kamun bai yi wuya ba.

Tunau ya riga su isa wurinta. Ya sauka daga doki ya ce, "Marka, Sarki ya ce in kai ki."

Ta ce, "Na sani. Za ka kai ni?"

Ya ce, "A'a. Amma ga Madawaki nan tafe, shi zai kai ki."

Ta dubi dogarai, ta dubi ruwan. Ta ce, "Abin da aka rina a nan ba ya koɗewa. Ba irin rawaninka ba ne." Ya kusa yin dariya, sai ya gane nufinta. Ta ce, "Ba mai ƙara ganina. Ko ƙawa, ko maƙwabciya, ko ɗan da zan haifa. Kai kaɗai. Za ka iya da wannan?"

Ya ce, "Zan iya. Ke fa?"

Ta zura ƙafa ta shiga Uwar Baba, ruwan ya rufe kanta. Tunau ya ƙirga numfashi bakwai. Sai ta fito, shuɗiya tun daga gashi har tafin ƙafa, tana ƙyalli kamar sabon turkudi, ruwan rijiyar kuwa ya koma fari tas a bayanta, aljana ta tashi. Madawaki ya iso yana haki, ya tsaya taki ɗaya daga inda take, ya ce, "Ina yarinyar?" Tunau ya kama linzamin dokinsa ya juya.

Kafin faɗuwar rana aka sake taruwa a fada. Aka yanke wa Arzika da mutanensa hukunci. Sannan Sarki ya ce, "Barde, ina wadda na aike ka?"

Tunau ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ban taɓa yi maka ƙarya ba, ba kuma zan fara yau ba. Tana raye, ina ganinta, ba zan nuna ta ba."

Sarki Jimrau ya dube shi. Yana son Barde, amma majalisa tana kallo. Ya ce, "Wanda ya ga abin da Sarki bai gani ba, ya ƙi nunawa, ba ya zama a ƙasar Sarki. Na karɓe sarautar da na ba ka. Na bar maka ranka saboda mashigin Gwalli, na bar maka dokinka. Kada safiyar jibi ta same ka a Zangarma." Mutumin da maroƙa suka yi wa kirari da azahar, shi ne aka cire wa alkyabba da la'asar sakaliya.

Washegari da hantsi ruwa ya ɗauke karo na farko cikin kwana arba'in. Mutane suka fito ƙofar kudu don su ga tafiyar tsohon Barde. Suka gan shi a ƙasa yana jan doki, sirdi ba kowa, ya ɗaga malafa da hannu ɗaya yana yi wa sirdin inuwa, yana magana ƙasa-ƙasa yana murmushi. Wasu suka ce baƙin cikin sarauta ya taɓa masa kai, suka yi ta tausaya masa.

Magajiya Hakama ta sa an kawo ta bakin ƙofar a kan jaki. Ita ba ta sa tozali ba, ba ta ga komai ba. Amma da dokin ya zo daidai ita, sai ta ɗaga kai ta dubi saman sirdi ta ce, "Amarya, ki yafe mini bakina. Allah ya kai ku lafiya. To yanzu da ba mai ganinki, ko za ki faɗa mini sunan angon?"

Waɗanda ke kusa sun rantse sun ji 'yar dariya daga saman dokin, da wata murya da ta ce, "Haba, Iya."